Awon aikin ƙwaƙwalwa: yadda ake yin shi, da wanda zai biya kuɗin

Labarin ba baƙo ba ne a Maraɗi, Damagaram ko Tawa. Ɗan kabu-kabu ya yi hatsari da moto, kansa ya bugi kwalta, ya kwana uku a asibiti aka sallame shi. Rauni ya warke, hoton sikana bai nuna komai ba. Amma bayan wata biyu iyalinsa sun lura ya canza: yana manta inda fasinja ya ce a kai shi, yana rikicewa wajen ba da canji, abu kaɗan sai ya hau faɗa. Ko kuma dattijon da ya shekara 40 yana riƙe da lissafin shagonsa a ka, yau ya biya mai kaya sau biyu, gobe ya rantse bai karɓi kuɗin da ya karɓa ba. Ko yarinyar da ta tashi daga ciwon sanƙarau, ta koma lakwal, malaminta ya ce ba ita ce ɗalibar da ya sani ba.

Irin waɗannan mutane ne likita kan rubuta wa takardar awon da ake kira bilan neuropsychologique da Faransanci, wato awon aikin ƙwaƙwalwa. Iyalai da yawa na karɓar takardar cikin fargaba, wasu ma su ajiye ta ƙarƙashin katifa, don suna zaton an ce ɗan'uwansu ya samu taɓin hankali, ko kuma don ba su san nawa za a caje su ba. Ga abin da ya kamata a sani kafin a kama hanya.

Mene ne ake aunawa?

Sikana da IRM hoton ƙwaƙwalwa suke ɗauka. Suna nuna jinin da ya taru, ƙari, ko wurin da ya mutu bayan shanyewar ɓarin jiki. Awon EEG kuma yana bin wutar da ke gudana a cikinta, shi ya sa ake yi wa masu farfaɗiya. Duk cikinsu babu wanda ke faɗin ko mutum zai iya riƙe saƙon da aka ba shi, ko zai iya komawa tuƙi, ko zai iya ci gaba da kula da dukiyarsa. Wannan shi ne aikin awon da ake magana a kai.

Ba a amfani da allura, ba a ɗibar jini, ba a shigar da mutum cikin na'ura. Kayan aikin su ne tebur, kujeru biyu, takarda, fensir, hotuna, agogon ƙidaya lokaci, wani sa'in kwamfuta. Mai awon yana ba da ƙananan ayyuka ɗaya bayan ɗaya, kowanne na gwada sashe guda na aikin ƙwaƙwalwa: riƙe sabon abu da tuno shi, tattara hankali wuri ɗaya, saurin tunani, magana da fahimtarta, gane siffofi da wurare, sai kuma tsara aiki da danne zuciya. Sassan nan ba tare suke lalacewa ba. Tun a 1861 likitan Faransa Paul Broca ya bayyana wani majinyaci da ke fahimtar abin da ake faɗa masa amma ba ya iya furta komai sai kalma guda, aka kuma gano raunin a gaban ƙwaƙwalwarsa ta hagu. Daga irin wannan lura ne fannin ya taso. Sanin sashen da ya raunana da wanda ya tsira shi ke taimaka wa likita ya gane cutar, ya kuma faɗa wa iyali abin da za su yi.

Su wa ake aikawa?

Na farko, waɗanda suka bugu a ka, mafi yawa a hatsarin hanya. Na biyu, waɗanda suka yi shanyewar ɓarin jiki, wadda hawan jini da ciwon suga ke kan gaba wajen jawo ta. Sai masu farfaɗiya, musamman yaran da karatu ya fara gagara. Sai waɗanda suka tashi daga sanƙarau ko masassarar cizon sauro da ta taɓa ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum 5 da suka tsira daga sanƙarau na ƙwayar bakteriya, 1 na iya zama da larura mai daɗewa, kamar kurumta ko wahalar koyo, kuma Nijar na tsakiyar yankin da cutar ke yawan ɓarkewa. Akwai kuma yara masu amosanin jini, waɗanda jini kan toshe musu a ƙwaƙwalwa ba tare da wata alama a jiki ba, sai dai a ga makin lakwal na raguwa.

Rukuni mafi girma shi ne na tsofaffi masu mantuwa. Hukumar ta ƙiyasta fiye da mutum miliyan 55 na fama da cutar ruɗewar ƙwaƙwalwa a duniya, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma cutar Alzheimer ce ke jawo kashi 60 zuwa 70 cikin 100. A ƙasar Hausa akan ce gigin tsufa ne, a yi haƙuri. Sai dai ba kowace mantuwa ce ta tsufa ba. Baƙin ciki mai tsanani, matsalar maƙoƙo, ƙarancin bitamin B12, jinin da ya taru a hankali cikin kai bayan tsoho ya faɗi, ko magungunan sa barci, duk suna kawo mantuwa, kuma duk suna da magani.

Akwai halin da ba a jiran wannan awo. Wanda bakinsa ya karkace farat ɗaya, hannu ya saki, magana ta sarƙe, ko ya rikice tare da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, asibiti za a ruga da shi a take. Awon aikin ƙwaƙwalwa na zuwa ne daga baya, bayan jiki ya lafa.

Ina ake farawa?

Hanyar ita ce wadda aka saba: daga CSI zuwa asibitin gunduma, daga nan asibitin jiha ko na ƙasa. Likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, wato neurologue, kaɗan ne a Nijar, kuma mafi yawansu a Yamai suke. Masu ƙwarewa a kan wannan awo kaɗai sun fi su ƙaranci. Saboda haka wanda zai yi awon na iya zama neurologue, ko likitan lafiyar hankali, ko psychologue da ya samu horo a kai. Idan an aika mutum sashen lafiyar hankali, ba yana nufin an yanke masa hukuncin hauka ba. Sau da yawa can ne ofishin mai awon yake.

Awon iri biyu ne, kuma kyau a bambance su tun farko domin kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Akwai gajere, na minti 10 zuwa 15, wanda likita ke yi a cikin ganawar yau da kullum. Mafi shahara su ne MMSE, da aka wallafa a 1975, da MoCA, da likita Ziad Nasreddine ya tsara a Montreal ta Kanada. Kowannensu maki 30 ne. Likitocin da suka yi karatu da Faransanci na yawan amfani da gwajin kalmomi 5 na Dubois da zanen agogo. Waɗannan tankaɗe ne kawai, suna nuna ko akwai dalilin zurfafa bincike. Sai cikakken awo, mai ɗaukar awa 2 zuwa 4, wani lokaci a raba shi zama biyu, a ƙarshe a rubuta rahoto.

Abin da ke faruwa a ɗakin

Ana farawa da hira, kuma ita ce ginshiƙin aikin. Mai awon zai tambayi yaushe abin ya fara, farat ɗaya ya zo ko a hankali, wace sana'a mutum ke yi, ina karatunsa ya tsaya, waɗanne magunguna yake sha, yaya barcinsa, yaya zuciyarsa. Zai kuma so jin ta bakin wanda ke kwana gida ɗaya da majinyacin, domin mai mantuwa ba kullum yake sanin yana mantuwa ba. Matar da ke ganin maigidanta ya maimaita alwala sau uku, ko ɗan da ya tarar an bar shago a buɗe, sun fi ɗan'uwan da ya zo daga wani gari sanin halin da ake ciki.

Bayan hira akan nemi ɗan rakiya ya fita, sai a shiga ayyukan. Za a karanta jerin kalmomi a ce a maimaita, bayan minti 20 ko 30 a sake tambayar su. Za a faɗi lambobi a ce a maido su yadda suke, sannan daga baya zuwa gaba. Za a ce a lissafo sunayen dabbobi iya yawan da za a iya cikin minti 1. Za a nuna hotuna a nemi sunansu. Za a ajiye wani zane mai sarƙaƙiya, kamar wanda André Rey ya tsara a 1941, a ce a kwafe shi, daga baya a zana shi da ka. Ga yara ƴan lakwal akwai jerin gwaje-gwajen Wechsler, wanda ake yi wa ƴan shekara 6 zuwa 16.

An tsara ayyukan ne su fara da sauƙi su yi ta tsauri har mutum ya kai iyakarsa. Don haka kowa sai ya kai inda zai kasa, har mai lafiya ƙalau. Ba jarrabawar BEPC ba ce da ake ci ko a faɗi. Mai awon ba zai ce an yi daidai ko kuskure ba, kuma shirunsa ba fushi ba ne, ƙa'idar aikin ce. Wanda ya gaji, ko yake son ya kama ruwa, ko lokacin salla ya yi, yana da damar neman a dakata.

Harshe da lakwal na iya karkatar da sakamako

Nan ne iyali ya kamata su buɗe ido. Ba a fassara maki shi kaɗai; ana gwada shi ne da na mutane masu lafiya, sa'o'in majinyacin a shekaru da zurfin karatu. Mafi yawan ma'aunan nan kuwa an tattaro su ne a Faransa, Kanada ko Amurka, wurin mutanen da suka zauna a aji suka riƙe alƙalami tun suna yara.

Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe fensir ba za ta kasa zana agogo ko da ƙwaƙwalwarta garau take. Manomin da aka tambaya yau nawa ga watan Nasara zai iya yin shiru, alhali ya san yau nawa ga Rajab, ya san kwana nawa suka rage kasuwar garinsu ta ci. Tambayar nan ta cire 7 daga 100 a yi ta ragewa na iya kayar da ɗan kasuwar da ke lissafi da dala, wanda in an ce masa dala ashirin a cire dala bakwai, kafin a rufe baki ya ba da amsa. Matsalar tsohuwa ce. A 1931 da 1932 masanin Rasha Alexander Luria ya je ƙauyukan Uzbekistan, ya nuna wa manoman da ba su yi boko ba hoton guduma, zarto, gatari da gungumen icce, ya ce su fitar da wanda ba ɗan gidan ba. Da yawa sun ƙi fitar da gungumen, suka ce in babu icce kayan aikin ba su da amfani. Amsar mai hankali ce, amma a takardar maki kuskure ce.

Masana sun daɗe suna neman gyara. Binciken da aka fara a 1992 tsakanin Ibadan ta Najeriya da Indianapolis ta Amurka ya yi amfani da gwajin CSI-D, wanda ke haɗa tambayoyin majinyaci da hirar ɗan'uwansa. An kuma yi aiki da shi a Benin, Kongo da Afirka ta Tsakiya. A Ibadan ɗin ne aka fito da gwajin jera tsinken ashana 4 a madadin zane da fensir. A Dakar an tsara gwajin da ake kira Test du Sénégal. MoCA na da wani nau'i na waɗanda ba su yi karatu mai zurfi ba, a Faransa kuma akwai TNI-93, mai amfani da hotuna 9 a madadin rubutattun kalmomi.

Abin da iyali za su yi shi ne su faɗi gaskiyar karatun majinyaci ba tare da kunya ba, su kuma nemi a yi awon da harshen da ya fi ƙwarewa a kai. Wanda ya yi makarantar allo, yake karanta ajami, ko ya haddace Alƙur'ani, a faɗa, domin wannan ma karatu ne kuma yana canza yadda za a dubi makinsa. Idan sai da tafinta, gara ya kasance ma'aikacin asibiti. Ɗa ko mata in suka yi tafinta, tausayi kan sa su gyara amsar ba su ma sani ba.

Shirin da za a yi

A kwana da wuri, a karya kumallo, a zo da tabarau da abin ƙara ji in ana amfani da su. A tattaro karnen asibiti, tsofaffin ordonansi, hotunan sikana ko IRM da rahotonsu, da kwalayen duk magungunan da ake sha, har na gargajiya. Magunguna irin su Gardénal da diazepam na rage saurin tunani, tramadol ma haka. Ba a daina maganin da likita ya rubuta don za a yi awo, amma wajibi ne mai awon ya sani. Ga yaro, a haɗa da littattafan aji da takardun maki na kafin ciwon da na bayansa. Mai zazzaɓi, ko wanda farfaɗiya ta kayar a daren jiya, ya nemi a ɗaga ranar. Idan ranar ta faɗo cikin azumi, a nemi zaman safe. Ba a yin bita kuma ba a neman tambayoyin a intanet, domin wanda ya haddace amsa likitansa ya ɓatar.

Sakamako

Ba ranar ake bayar da shi ba, sai an lissafa maki an rubuta rahoto. A tambayi ranar dawowa tun kafin a bar ɗakin, a kuma nemi a yi bayanin da Hausa, da kofin rahoton a hannu. Rahoto mai kyau yana faɗin abin da ya raunana, abin da ya rage da ƙarfi, da shawara a aikace: ko a dakatar da tuƙi, ko a koma aiki rabin yini, ko a zaunar da yaro gaban aji a ƙara masa lokaci, ko wani amintacce ya riƙa sa ido a kan kuɗi. Awon shi kaɗai ba ya yanke sunan cuta. Likita ne ke haɗa shi da awon jini da hotuna. Akan sake shi bayan wata 6 zuwa shekara don a ga ko ana samun sauƙi ko abin gaba yake yi, ba a kuma cika maimaita shi kusa-kusa ba saboda mutum na sabawa da tambayoyin.

Rahoton sirrin likita ne. Ba a miƙa shi ga maigidan aiki ko dangi sai da yardar mai shi. Amma idan kotu ko kamfanin asiransi ne ya nemi awon, can rahoton zai tafi, kuma ya kamata a faɗa wa mutum haka tun farko. A irin wannan awo akwai gwaje-gwajen da ke gano mai ƙara wa ciwonsa gishiri, kuma wanda aka kama da haka ya zubar da hujjarsa.

Nawa ne, kuma wa zai biya?

Babu farashi guda. Ya danganta da asibitin gwamnati ne ko kilinik mai zaman kanta, zama nawa za a yi, da ko kuɗin rahoto na ciki. Gajeren gwaji yawanci yana cikin kuɗin ganin likita. Cikakken awo kuwa ana iya lissafa shi daban. Kuma sau da yawa ba shi ne ke cin aljihu ba, abubuwan da ke kewaye da shi ne: sikana ko IRM, awon jini, kuɗin mota na mutum biyu, masauki da abinci. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, daga Maraɗi fiye da 600. Wanda zai yi wannan tafiya ya tabbatar da ranar ganawa ta waya, ya kuma roƙi a haɗa masa zaman biyu a kwanaki masu bin juna.

Mafi yawan ƴan Nijar daga aljihunsu suke biyan kuɗin asibiti. A watan Agustan 2024 gwamnati ta rage rabin kuɗin ganin likita, awo da kwanciya a asibitocinta, daga ranar 1 ga Satumba. Ragin bai shafi kilinik masu zaman kansu ba. A biya a wurin karɓar kuɗi na asibiti, a karɓi rasit, a adana shi.

Yara ƴan ƙasa da shekara 5 ana duba su kyauta a asibitocin gwamnati tun 2006. Sai dai matsalar koyo ba ta cika bayyana ba sai yaro ya shiga lakwal, lokacin ya wuce shekarun kyautar. Iyayen yaron da ya yi sanƙarau ko masassara mai tsanani, in sun ga magana ko ji ko tafiya sun ja baya, kada su jira shekarar shiga aji.

Ma'aikacin gwamnati da iyalinsa na da takardar ɗaukar nauyi, wato prise en charge, wadda da ita baitulmali ke biyan kashi 80 cikin 100 na kuɗin awo da kwanciya a asibitin gwamnati, shi kuma ya cika sauran. Ana karɓo takardar kafin awon. A tambayi wurin biyan kuɗi da wane suna aka rubuta awon a jerin farashin asibitin, don sunan da ke kan takardar ya zo daidai da shi.

Masu asiransin lafiya ta wurin aiki, ko ƴan mituwel, su ne suka fi faɗawa tarkon zato. Katin da ke biyan kuɗin ganin likita da magani ba lalle ne ya biya wannan awo ba. Yarjejeniyoyi da yawa na biyan aikin likita amma suna ware aikin psychologue, wasu kuma suna cire duk abin da suka kira lafiyar hankali, ko awon da aka yi don lakwal kawai. Ko a Faransa haka abin yake: awon da aka yi a asibitin gwamnati ana ɗaukar nauyinsa, wanda psychologue ya yi a ofishinsa na kansa kuwa asusun lafiya na ƙasa ba ya maido da kuɗinsa, in ban da wasu tsare-tsare na musamman. Mafita ita ce neman amincewa tun kafin a yi, abin da ake kira entente préalable. Ana kai wa kamfanin takardar likita mai faɗin dalilin awon a fili, misali bugun kai ko shanyewar ɓarin jiki, tare da devis, wato takardar ƙiyasin kuɗi, a jira amsa a rubuce. Alkawarin baki ko na waya ba ya zama hujja ranar biya.

Ko an amince, akwai lissafin da za a yi. A ɗauka, a misali kawai, devis ya ce jaka 50 na sefa, yarjejeniya kuma na biyan kashi 80 cikin 100. Mai kati zai zaci jaka 10 ce tasa. Amma idan kamfanin ya ƙayyade cewa ba ya lissafa irin wannan aiki sama da jaka 30, to jaka 24 zai biya, jaka 26 ta dawo kan mai kati. Haka nan a bincika ko kamfanin ne zai biya asibiti kai tsaye, ko sai mutum ya biya sannan a maido masa, da kwanakin da aka ba shi ya kai rasit.

Ma'aikacin kamfani da ke da rajista a CNSS ya sani cewa asusun ba asiransin rashin lafiya na yau da kullum ba ne. Yana kula da kuɗin iyali, fansho, da hatsarin aiki. Idan bugun kan ya faru a wurin aiki, ko a hanyar zuwa da dawowa, asusun na ɗaukar kuɗin jinya, yana kuma biyan diyya in an samu naƙasa mai ɗorewa. Doka ta wajabta wa maigidan aiki ya kai rahoton hatsarin cikin awa 48. A nan awon aikin ƙwaƙwalwa na da nauyi ƙwarai, domin shi ke nuna naƙasar da ido ba ya gani.

A hatsarin hanya, dokar asiransi ta CIMA, wadda Nijar ke cikin ƙasashen da ke aiki da ita, ta wajabta wa kowane abin hawa mai inji asiransin da zai biya waɗanda ya ji wa rauni: fasinja, mai tafiya a ƙasa, ko wanda ke kan wani abin hawan. Wannan asiransi ba ya biyan direban abin hawan kansa. Ɗan kabu-kabun da ya zame shi kaɗai ba shi da abin nema a nan, amma idan mota ce ta banke shi, asiransin motar ake bi. Ana bukatar takardar binciken ƴan sanda ko jandarma, takardar likita ta ranar farko wadda ta ambaci bugun kai, da duk rasit. Mai rauni ya yi hattara da sa hannu a takardar sulhu ta ƙarshe kafin likita ya tabbatar ciwon ya tsaya inda zai tsaya. Mantuwa da canjin hali kan fito fili ne bayan mutum ya koma aiki, lokacin kuwa mai gaggawa ya riga ya karɓi ɗan abin da aka miƙa masa.

Marasa hali su nemi ofishin jin daɗin jama'a na asibiti, wato service social, da takardar shaidar rashin ƙarfi daga ma'aikatar magajin gari. Masu katin naƙasa su nuna shi a wurin biyan kuɗi, domin doka ta tanadar musu sassauci a asibitocin gwamnati.

Kafin a ciro kuɗi

Matambayi ba ya ɓata. Kafin a biya ko dala, iyali su samu amsar waɗannan daga bakin likita da mai awon: wace tambaya ce awon zai amsa, kuma me zai canza a jinyar? Gajere ne ko cikakke, zama nawa? Da wane harshe za a yi, kuma gwajin ya dace da wanda bai yi lakwal ba? Kuɗin ya haɗa da rahoto da zaman bayani? Wa zai ga rahoton? Idan kuɗin bai kai a yi komai lokaci guda ba, a faɗa wa likita kai tsaye, shi zai tsara abin da za a fara da shi. Wani lokaci awon jini da gajeren gwaji sun isa a fara magani, a bar cikakken awon zuwa gaba.

Kafin ranar ta zo, wanda ke zaune da majinyacin ya samu ƙaramin littafi ya riƙa rubuta abin da ya gani da kwanan wata: ranar da aka manta tukunya a wuta, ranar da aka ɓata a hanyar masallaci, ranar da aka yi kuskuren canji. Wannan littafi kyauta ne, kuma da shi mai awon zai fara.